Tayar da Tsofaffin Motoci a Legas: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini da Amsoshinsu

Tun ranar da na tayar da wata Peugeot 504 da ta daɗe a yashe a bayan wani gida a Agege, ban ƙara tsayawa da ita a wuri ba tare da wani ya matso ya shafa bonet ɗinta ba. Wani ya ce irinta mahaifinsa ya hau, wani ya ce a cikin irinta aka kawo shi Legas yana yaro. Daga nan sai tambayoyi, a ƙofar masallaci bayan Juma'a, a teburin mai shayi, wasu ma har ta waya cikin dare. Kusan duk iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda na amsa gwargwadon abin da na gani da idona kuma na taɓa da hannuna.

Malam, ga tokunbo, wato motocin hannu na waje, jibge a kasuwar motoci ta Berger, me ya kai ka ga tsohon ƙarfe?

Abin da ya kai ni shi ne ganin ana yanka su. Duk wanda ya san kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Owode Onirin ya san yadda mota ke shiga can da ƙafafunta huɗu ta fita a kan sikeli. Da yawa daga cikin 'yan gwangwan ɗin 'yan'uwanmu ne 'yan Arewa, kuma ba na ganin laifinsu, halaliyarsu suke nema. Amma ranar da na tsaya ina kallo ana sa wa wata Fijo lafiyayyiyar jiki wutar yanka, don kawai mai ita ya rasu kuma babu mai kula, sai da zuciyata ta yi nauyi.

Waɗannan motoci tarihinmu ne. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna, kuma hannun 'ya'yan talakawan ƙasar nan ne ya ɗaura musu notuna. A wannan zamanin ne Volkswagen ta buɗe tata masana'antar a Ojo kan hanyar Badagry, wurin da har gobe kwandasta ke kiran tasharsa da Volks. A can aka riƙa haɗa Beetle, wadda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira Ijapa, wato kunkuru, da kuma wadda aka laƙaba wa suna Igala. A da akwai kuma masana'antun haɗa motoci na Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Enugu. Yaron da aka haifa yau zai ɗauka tun fil azal daga jirgin ruwa motar Nijeriya ke sauka a Tin Can. Idan ya ga 504 tana tafiya, aka ce masa a Kaduna aka haɗa ta, to ya koyi wani abu da ba lalle a gaya masa a makaranta ba.

Wanda ke shakkar cewa mota na riƙe tarihi, ya je gidan tarihi na Onikan ya tsaya gaban baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976. Zai fito jikinsa a sanyaye.

Ban taɓa yi ba. Da wace mota zan fara?

Da wadda kayanta ke samuwa, kuma akwai tsohon bakaniken da ya san ta. A Legas wannan ya taƙaita zaɓin zuwa uku.

Ta farko Fijo 504. An fito da ita a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kuma an ci gaba da haɗa ta a Kaduna shekaru da yawa bayan Turawa sun daina. Wannan daɗewar ce ta sa har yanzu kayanta ba su ɓace ba, kuma duk garejin da ka ga mai furfura a ciki, to ya kwana a ƙarƙashinta. Ita nake ba sabon shiga shawara.

Ta biyu Beetle. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu lagireto balle ya yi yoyo. Sauƙinta ya kai mutum biyu su sauke injin a yini guda. An ƙera fiye da miliyan 21 a duniya, ta ƙarshe a Meziko a 2003, don haka ana samun sababbin kayanta daga waje.

Ta uku Marsandi W123, wadda aka yi daga 1976 zuwa 1986, irin su 200 da 230E da 240D. Ƙarfe ce ta gaske, amma komai nata da tsada, kuma tana da wasu siraran bututun iska da ke kulle ƙofofi, a mai dizal ma su ke kashe injin. Idan suka tsage sai ka zare makulli motar ta ci gaba da ruri, sai ka buɗe bonet ka danna wani ɗan hannu da ke jikin injin. Ka bar ta sai ka goge. Motocin da ba a saba gani a nan ba kuwa, komai kyansu, kada su zama farkonka.

A ina ake samun su?

Ba a filin dillalai ba. Suna bayan gidajen tsofaffin ma'aikata a Surulere da Yaba da Ebute Metta da Ikeja, an lulluɓe su da tamfol, kaji na ƙwai a ciki. Suna ƙarshen garejin kanikawa, inda mai mota ya kawo gyara shekarun baya bai dawo ba. Hanyar da ta fi yi mini aiki ita ce 'yan'uwanmu masu gadi da masu tura baro da 'yan gwangwan ɗin kansu, domin su ke shiga lungun da ni ba zan shiga ba. Na kan ce musu, idan kun ga irin wannan kafin a yanka ku kira ni, la'adarku na nan. Kuma in an yi ciniki ina cikawa, don wanda ka hana haƙƙinsa sau ɗaya ba zai sake kiranka ba.

Motar marigayi ce, babban ɗansa ya ce zai sayar mini. In biya?

Dakata tukuna. Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini kafin a biya, domin mafi yawan motocin nan na matattu ne. Mutum ya rasu, motarsa ta zama dukiyar magada gaba ɗaya, har da matansa da 'ya'yansa mata da ƙananan marayun da ba su san ma ana ciniki ba. Kasancewar mutum babban ɗa, ko makullin yana hannunsa, bai mayar da ita tasa ba. Idan gidan Musulmi ne, ka tambaya ko an raba gado, kuma a rabon wa motar ta faɗa. Idan ba a raba ba, sai da yardar kowa ko ta wakilin da suka amince da shi, a rubuce, da shaidu. Idan gidan wasu ne masu bin al'adarsu ko kotu, ka nemi ganin takardar da ta ba wani ikon kula da dukiyar mamacin.

Na taɓa ba da kafin alƙalami a kan wata Marsandi, har na kira janwe. Muna cikin ɗaure ta sai ga wata dattijuwa ta fito daga cikin gida, ta dafa ƙofar motar ta ce, "Ɗana, wa ya ce maka ta sayarwa ce?" Ashe matar marigayin ce, kuma ba wanda ya shawarce ta. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, ban sani ba." Na sa aka kwance. Kuɗin bai dawo duka ba, amma da na tafi da motar nan da hawayenta a kai, ban san yadda zan riƙa zama a cikinta ba.

Haka motar da aka bari a gareji. Bakanike zai ce maka mai ita ya yi shekara goma bai leƙo ba, kuma yana bin sa kuɗi. Bashin gaskiya ne wataƙila, amma bai ba shi ikon sayar maka da ita a ɓoye ba. A nemo mai ita ko magadansa.

Takardunta sun ɓace. Matsala ce?

Babba ma. Kafin ka duba injin, ka duba lambar shasi da ke jikin ƙarfen motar ka gwada da abin da ke takarda. A Beetle tana ƙarƙashin kujerar baya, a kan doron da ya ratsa tsakiyar motar. Idan ka ga alamar an goge ko an yi walda a kewayen lambar, ka yi sallama ka tafi. Idan takardu sun ɓace da gaske, mai motar ne zai yi rantsuwa a kotu ya kai rahoto wurin 'yan sanda da sunansa, kafin ya sayar maka. Sannan ku rubuta yarjejeniyar ciniki, ka bincika a rajistar motoci ta 'yan sanda ko an taɓa kai ƙarar sace ta, ka je ofishin lasisi na jihar Legas a mayar da ita sunanka. Kafin ta hau titi tana buƙatar lasisi da takardar shaidar lafiyar mota daga masu duba motoci na jiha, da inshora. Mafi ƙanƙantar inshorar motar gida ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. Tsufan mota ba ya sa jami'i ya ɗaga maka ƙafa, hasali ma ita ce ta fi jan ido a shingen bincike.

Me zan fi dubawa a jikinta?

Tsatsa, sannan tsatsa. Inji ana sauke shi a gyara ko a sami wani, amma jikin da ya ruɓe shi ke cinye kuɗi da shekaru. Legas kuwa gidan tsatsa ce: iskar teku mai gishiri, damina mai tsawo, ga ambaliya. Motar da ta zauna a Kano ko Katsina shekara ashirin fentinta ne zai ƙone, robobinta su bushe, amma ƙarfenta na nan garau. Wadda ta yi rabin haka a Ajah ko Apapa kan ciyawa, kana iya zura yatsa ta ƙasanta. Saboda haka ni yanzu na fi son in sayo gangar jiki daga Arewa in ɗoro ta a tirela, ko da kuɗin ɗauko ya yi yawa.

Ka je da rana tsaka, da tocila da sukundireba da ɗan maganaɗisu. Ɗaga kafet ɗin ƙasa gaba da baya. Cire safaya ka duba ramin da take zama a but, nan ruwa ke kwanciya. Duba ƙarƙashin batir, domin ruwan batir na cin ƙarfe. A Beetle batirin na ƙarƙashin kujerar baya, kuma sau da yawa nan ne farkon hujewa. Duba dogon ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi, da wurin da ake kafa jak, da gindin gilashin gaba da na baya. Ka soka sukundireba a hankali, inda ya nutse to ba ƙarfe. Shi kuwa maganaɗisu, ka bi da shi jikin ƙofofi da saman tayoyi: inda ya ƙi kamawa, fila, wato ƙullin cike ramin jikin mota, aka cika aka shafe da fenti.

Abin da ya sa na nace shi ne, 504 salun da W123 ba su da wani shasi na daban da aka ɗora jiki a kai. Jikin shi ne ƙashin bayan motar. Idan wurin da ƙafafun gaba suka kama ya ruɓe, ba maganar ado ake ba, maganar rai ce. Beetle tana da ɗan sauƙi, don ana kwance jikinta daga faifan ƙasa a canza abin da ya lalace.

Sai ƙananan abubuwan da mutane ke rainawa: fitilu na asali, tambarin gaba, hannun ƙofa, ƙarafunan ado masu ƙyalli, agogon dashbod. Su ne suka fi wahalar samu. Motar da injinta ya mutu amma waɗannan sun cika ta fi mini wadda ke tashi amma an tsige ta.

Ta yi shekaru ba ta tashi ba. In sa batir in murza makulli mu ji?

Kada ka kuskura, kuma kada ka bar mai sayarwa ya yi don ya burge ka. Injin da ya daɗe a tsaye duk mansa ya gangara ƙasa, cikinsa a bushe yake, wataƙila zobban fistin sun manne. Murzawa ɗaya na iya karce silinda, abin da kwana uku na haƙuri zai hana.

Ga yadda nake yi. A juye tsohon baƙin mai a duba ko da ruwa a ciki, a zuba sabo da sabuwar matata. A cire fulogai, a ɗiga mai kaɗan a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu ko uku. Sannan a sa sifana a juya injin da hannu. Idan ya juya lami lafiya, alhamdu lillahi. A sauke tanki a wanke, domin fetur ɗin da ya tsufa yakan zama kamar ƙaro ya toshe komai. A canza duk robar da fetur ke bi, ko da ta yi kama da mai kyau. A wanke kabureta, a duba kontak, a canza fambel da robobin ruwa. A bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, domin ɓeraye sun yi shekaru suna gida a ciki. Bayan haka a murza ba tare da fulogai ba har fitilar mai ta mutu, alamar mai ya zagaya. Sai a mayar da fulogai a tayar, da abin kashe gobara a kusa.

Masu Beetle su ƙara kula da robar fetur, don tana wucewa kusa da inji mai zafi, kuma ita ce sanadin ƙonewar da yawa daga cikinsu.

Tashin inji kuma ba izinin hawa titi ba ne. Man birki na shan danshi, a garin nan kuwa danshi ba ya yankewa, don haka bututu da kofunan birki sun ci tsatsa ta ciki. A sabunta su duka. Tayoyi ma a zubar ko da zanensu bai goge ba. Akwai lamba huɗu a gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, kuma hukumar kiyaye haɗurra na ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta ƙare aiki.

Ina ake samun kayan gyara?

Ladipo a Mushin ita ce farko, sai dai yawancin 'yan kasuwar sun koma kayan motocin Japan da Koriya, sai ka yi tambaya a nuna maka shagunan da suka rage na Fijo da Marsandi. Ka tafi da tsohon abin a hannunka ka gwada, kada ka dogara da kwatance. Owode Onirin wurin ƙofofi ne da bonet da gilasai, idan ka riga wutar yanka isa. Kayan Fijo kuwa na fi samunsu a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, a ɗoro mini a motar da ke sauke kaya a Mile 12 ko Agege. Robobin gilashi da na ƙofa da ƙananan kayan kabureta, su nake oda ta intanet, kuma da canjin dala yadda yake, sai na tara buƙatu na yi oda sau ɗaya.

Idan ka sami wata irin taka da ta ruɓe ƙwarai amma kayanta sun cika, kuma kana da wurin ajiya, saye ta ka riƙa cira. Ta fi kowane shago.

Yaya zan yi da kanikawa kada aikin ya kwana shekara?

Aikin na mutum biyar ne aƙalla: bakaniken inji, mai walda da bugun jiki, mai waya, mai fenti, sannan mai kushin a ƙarshe. Ka nemi dattawa. Yaron da ya koyi aiki a kan motar da ake sa wa kwamfuta ta faɗi ciwonta bai san saita kabureta da kunne ba, kuma ba laifinsa ba ne. Akwai wani Baba Bayarabe da nake kai wa aiki, ya fi shekara arba'in yana taɓa Fijo. Idan na ce, "Baba, yaushe za a gama?" sai ya ce in bar shi ya yi abin da ba zan dawo ba. Na koyi yin shiru, domin duk abin da ya ɗaura bai taɓa kwancewa ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma na sha wuya kafin na same shi. Wani mai bugun jiki na ba shi kuɗin aiki gaba ɗaya a farko, don ya ce zai sayi ƙarfe. Motar ta yi wata tara a wurinsa a buɗe, damina ta sauka a kanta, kuma da na matsa sai ya cusa fila a ramukan da na biya a yanke a sa sabon ƙarfe. Kafin shekara fentin ya kumbura. Tun daga nan ba na biya sai kashi-kashi, kowane mataki in gani da idona. Kafin a shafa komai a kan walda sai na zo na duba. Kayan da aka kwance kuma ina ɗaukar hotonsu, in sa a buhu in rubuta suna, in tafi da masu wuyar samu gida, domin a gareji abu na da ƙafa.

Jerin aikin ma na da muhimmanci: jiki da walda, sannan inji da birki da ƙafafu, sannan waya, sannan fenti, kushin a ƙarshe. Wanda ya fara da fenti don ya ga tana ƙyalli zai biya sau biyu. Kuma a yi feshi a ɗaki mai rufi, don danshin damina da ƙurar hunturu duk maƙiyan fenti ne.

Bakanike ya ce a sa mata injin Toyota a huta. Ka yarda?

Motarka ce. Idan aikin yau da kullum kake so ta yi maka, akwai hujja. Amma ka sani ranar da ka cire injinta na asali ka rage mata daraja a wurin masu neman irinta, kuma sai an gyara takardu sun nuna sabuwar lambar inji. Ni ba na yi. Injin 504 mai kusan lita 2 ba abin da yake nema illa mai mai kyau da ruwa mai tsabta. Idan dole ta sa ka canza, ka adana tsohon, kada ka sayar wa 'yan gwangwan. Launi ma haka, ka duba cikin but ko ƙarƙashin kafet za ka ga asalin launin da ta fito da shi.

Gyaran da ba na ƙi shi ne wanda ke kare rai kuma ba ya ɓata kama: bel na kujera, fitilu masu haske, ƙarin fanka a gaban lagireto.

Na ga wata mai sitiyari a dama, tsohuwa ƙwarai.

Wataƙila ta riga 2 ga Afrilu 1972, ranar da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Irin wannan abin adanawa ce, amma hukuma ba ta yarda da mai sitiyari a dama a kan titi ba. Ka saye ta don ajiya da nuni, ko ka shirya juya sitiyarin a hannun wanda ya ƙware.

Ba gara in shigo da ita daga waje ba?

Dokar kwastam ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, kuma waɗannan duk sun wuce. A farkon 2017 kuma an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na kan tudu. Duk wanda ya ce zai bi maka da ita ta daji daga Kwatano, yana sayar maka da motar da za a iya ƙwacewa kowace rana. Waɗanda ke cikin gida suna ruɓewa sun ishe mu aiki.

Za ta jure cunkoson Legas?

Za ta jure idan hanyar sanyaya injin na da lafiya. A wanke lagireto sosai, a daina zuba masa ruwan rijiya tsura, a sa ruwan sanyaya inji na kanti mai hana tsatsa. Kanikawa da yawa na cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, su jefar, wai ƙasarmu da zafi. Ban yarda da wannan ba: idan mota na zafi, akwai abin da ya toshe ko ya lalace, shi za a nema. Beetle kuwa rayuwarta na kan fankarta da gwangwanayen da suka kewaye injin. Idan an cire ɗaya an yar, iska mai zafi za ta riƙa komawa ciki. A riƙa saita bawul ɗinta a kan milimita 0.15 injin na sanyi, a riƙa juye mai da wuri domin ba ta da matatar kirki, 'yar raga ce kawai.

Duk da haka ba na shiga da tawa gadar Third Mainland da yammacin ranar aiki, kuma idan hadari ya haɗu tana gida. Ruwan da ya kai rabin taya ya isa ya jiƙa distiributa ya tsayar da kai a tsakiyar titi. Ga kuma fetur: tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, motar kabureta ta zama ta fita ranar hutu.

Gaskiya tsakani da Allah, akwai riba?

Wani lokaci. Idan ka sayi mai lafiyayyen jiki da cikakkun takardu da araha, kuma kana iya wasu ayyukan da hannunka, za ka iya fita da wani abu. Idan ka lissafa zirga-zirgar Ladipo da kuɗin janwe da watannin da kuɗinka ya kwanta, sau da yawa uwar kuɗi ce ke dawowa. Duk abin da ka ƙiyasta za ka kashe, ka shirya ninkinsa, domin sai an kankare fenti ake sanin gaskiyar mota. Kada ka ci bashi, kada ka taɓa jarin kasuwarka, kada ka taɓa kuɗin makarantar yara.

Masu saye suna nan: wanda ke neman irin motar mahaifinsa, masu tara motoci a Ikoyi da Lekki, da 'yan ƙasar waje. Wasu kuma ba sa sayarwa, haya suke bayarwa ga masu shirya fim da masu ɗaukar hoton biki, abin da ke rage musu kuɗin kula da ita. Idan za ka ba da haya, kai ko direbanka ne zai tuƙa.

In zan sayar, dole ne in faɗi duk abin da ke damunta?

Dole ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma ɓoye aibin kaya algus ne. A tsohuwar mota ɓoyewa na da sauƙi ƙwarai: fila da fenti mai ƙyalli, mai mai kauri da zai rufe ƙarar inji na mako biyu, agogon tafiya da aka mayar baya. Mai saye ba zai gane ba sai ya yi nisa, wataƙila da iyalinsa a ciki.

Ni kowace mota ina buɗe mata littafi tun ranar da na ɗauko ta. Hotunanta tana yashe, wuraren da aka yanke aka yi walda, rasiɗan kaya, abin da na canza da abin da ban kai gare shi ba. Ranar ciniki sai in miƙa wa mai saye in ce, "Alhaji, ga ta ga tarihinta. Giya ta biyu na ɗan ƙara da safe, agogon mai ba ya faɗin gaskiya, sauran na gyara." In ya zo da bakanikensa, in ba su wuri su shiga ƙarƙashinta. Wasu na rage tayi saboda haka, wasu kuma littafin ne ke sa su saya ba dogon ciniki. Sannan a rubuta yarjejeniya da shaidu, kuma ka tabbata ya mayar da takardu sunansa, don kada wani abu ya faru da motar a zo neman ka.

Ba ni da gareji, gidan haya nake. Zan iya?

Ka fara samun wuri kafin ka sami mota. Idan ka bar ta a bakin titi, jami'an LASTMA, masu kula da zirga-zirgar titunan Legas, na iya janye ta a matsayin yasasshiya, kuma kafin su zo ma an cire madubai. Ka nemi wuri mai rufi da daɓen siminti, ko da haɗa kuɗi za ku yi ku biyu ko uku ku kama. Kada ka ajiye ta kan ƙasa ko ciyawa, kuma kada ka naɗe ta da leda ruf, don leda na tara gumi; a rufa mata yadi mai shan iska, a ɗan sassauta gilashi. Ka yi shawara da uwargida ma tun farko, domin aikin na cin ranakun hutu, kuma ita ce za ta fara ganin abin da ya ragu a cefane.

Bayan an gama, zama ne ke kashe ta. Ina cire kan batir idan za ta yi kwanaki, amma kowace Lahadi bayan sallar asuba, kafin titi ya cika, nakan tayar da ita in bar ta ta ɗumama, in bi ta Oba Akran zuwa Ikeja in zagayo, tafiyar da za ta isa mai ya yi zafi birki ya motsa. In na dawo sai in leƙa ƙarƙashinta in ga ko akwai ɗigo, in rubuta a littafin.